Tubabbun Boko Haram da Batun Yafiya a Coci: Me Ake Nufi In An Ce Kirista Ya Yafe?

Duk lokacin da sojoji suka sanar cewa an yaye wani rukunin tubabbun 'yan Boko Haram daga sansanin Malam Sidi da ke jihar Gombe kuma za a mai da su garuruwansu, muhawara ɗaya ce take sake tashi a ikilisiyoyin arewa maso gabas, a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki, a taron zumuntar mata, har a Facebook da WhatsApp. Wani ya ce ai Ubangiji ya ce a yafe bakwai har sau saba'in, to me kuma ya rage da za a yi ta ja? Wata ta ce a gabanta aka kashe mijinta, ba wanda ya zo ya ce mata ko sannu, yanzu kuma wai ta karɓi masu wannan aiki a matsayin maƙwabta. Wani kuma shiru yake yi don tsoro, yana ganin tunda har yau zuciyarsa na tafasa in ya tuna, to ƙila bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, ƙila ma Allah ya daina jin addu'arsa.

Yawancin wannan ruɗani daga wuri ɗaya ya fito. Abubuwa ne daban-daban ake haɗawa ana kiransu da suna ɗaya.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Yafewa, ko gafartawa kamar yadda aka fi faɗa a sujada, aikin wanda aka zalunta ne shi kaɗai. Shi ne ya ajiye niyyar ramawa, ya daina nema wa wancan sharri ko da a addu'a, ya miƙa shari'ar ga Allah. Mutum zai iya yin wannan ko da wanda ya cuce shi yana daji, ko yana kurkuku, ko ya mutu.

Sulhu kuwa sai da mutum biyu. Sai mai laifi ya amsa laifinsa, ya nemi gafara, ya gyara abin da zai gyaru, sannan zumunci ya dawo. Amincewa wani mataki ne kuma na gaba, wato ka sake sakin jiki da mutum, ka bar 'ya'yanka su shiga gidansa, ka ba shi ajiyar maɓallin shago. Wannan lokaci ne yake kawo ta, da halin da aka ga mutum yana nunawa.

Sai afuwa, wadda ita aikin hukuma ce. Gwamnati ta ce ba za ta gurfanar da wane a kotu ba, ko ta rage masa hukunci, saboda wani dalili na tsaro ko siyasa. Shugaban ƙasa ko gwamna yana da ikon yin afuwa, amma ba shi da ikon yafewa a madadin matar da aka mai da gwauruwa. To a nan ne yawancin faɗan yake, mutane suna jin kamar an yi afuwa a Abuja ko Maiduguri sannan an aiko wa mai bi takardar cewa shi ma ya yafe, ya yi sulhu, ya amince, duka a rana ɗaya.

Yadda aka zo nan

Shekarar 2014 ita ce ta fi muni ga ikilisiyoyin yankin. Ranar 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, wato EYN. A watan Agusta Gwoza ta faɗi, Michika ta biyo baya a Satumba, ƙarshen Oktoba kuma aka shiga Mubi da hedkwatar EYN da ke Kwarhi har shugabannin suka koma Jos na wani lokaci. Mutanen bayan dutsen Gwoza da yawa suka tsallaka Kamaru, sansanin Minawao. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN, na Michika, bayan an kama shi. Musulmin waɗannan garuruwa su ma an kashe su ba adadi, an ƙona masallatai da kasuwanni, don haka tambayar tubabbu ba ta coci kaɗai ba ce, sai dai kowa da inda yake neman amsarsa.

A 2016 gwamnatin tarayya ta fara shirin Operation Safe Corridor, don waɗanda suka miƙa wuya kuma aka tantance cewa haɗarinsu kaɗan ne. Ana yi musu wa'azi da nasiha, a koya musu sana'a irin su kafinta, ɗinki, aski da walda, su yi rantsuwar biyayya ga ƙasa, sannan a miƙa su ga jihohinsu. Waɗanda ake zargi da manyan laifuka an ce kotu za su je, kuma an fara irin wannan shari'a a Kainji a 2017. Bayan mutuwar Shekau a watan Mayun 2021 sai dubun dubatar mutane, mayaƙa da mata da yara da manoman da aka riƙe da ƙarfi, suka fito daga daji lokaci guda, gwamnatin Borno ta buɗe nata tsarin karɓarsu. Hujjar hukuma ita ce bindiga kaɗai ba za ta gama yaƙin ba, in wanda yake son fitowa ya san kashe shi za a yi to zai zauna ya ci gaba da yaƙi. Masu suka, ciki har da Sanata Ali Ndume wanda shi ɗan Gwoza ne, sun ce ana kula da masu laifi alhali waɗanda aka zalunta suna sansanin gudun hijira ba abinci.

Me ya sa yafiya take da wannan nauyi wajen Kirista

Ga wanda ba Kirista ba, zai iya mamakin yadda abin yake damun mutane haka. Dalilin shi ne yafewa tana cikin addu'ar da ake yi kullum. A Addu'ar Ubangiji mai bi yana roƙo a gafarta masa kamar yadda shi ma yake gafarta wa masu yi masa laifi, kuma nan take a Matiyu 6:14-15 Yesu ya ƙara da cewa wanda bai yafe wa mutane ba, Uba ma ba zai yafe masa ba. Kaga mutum ba zai iya yin wannan addu'a safe da yamma ba tare da fuskar wanda ya cuce shi ta zo masa ba.

Misalin da ya fi fito da tushen abin shi ne na bawan nan a Matiyu 18. Sarki yana binsa talanti 10,000, ya roƙa aka yafe masa, fitarsa ke da wuya ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa bawa a kan dinari 100. Dinari ɗaya lada ne na aikin yini guda, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne, wato shi an yafe masa ladan yini miliyan 60, ya kasa yafe na wata uku da 'yan kwanaki. Abin lura, Yesu bai ce dinari 100 ba kuɗi ba ne. Bashi ne na gaske. Koyarwar ita ce Kirista yana yafewa ne daga cikin abin da shi ya riga ya karɓa, kamar yadda Afisawa 4:32 da Kolosiyawa 3:13 suka faɗa, ba don laifin da aka yi masa ƙarami ba ne.

Shi ya sa malaman ikilisiya suke ɗaukar yafiya a matsayin wurin da ake gane girma cikin ruhu. Zuwa sujada, ba da baiko, shiga ƙungiyar mawaƙa, duka mutum zai iya yinsu zuciyarsa ba ta motsa ba. Amma ya yi wa wanda ya ƙona gidansa addu'ar alheri, wannan ba ya yiwuwa sai wani abu ya sauya a ciki, kuma a koyarwar Kirista wannan sauyi aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ba ƙarfin hali ba. Tunda kuma girma ake magana, to abu ne mai tafiya a hankali, kuma wannan ɓangaren ne aka fi mantawa a kan bagade.

Sai ya tuba, ko tun bai tuba ba?

A nan masu bi suka rabu, kuma kowane ɓangare da ayarsa.

Na farko suna cewa babu sharaɗi. Yesu a kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara alhali suna kan rabon tufafinsa, Istifanus ma ana jifansa ya roƙi kada a ɗora musu wannan zunubi, kuma Markus 11:25 ya ce in ka tsaya yin addu'a kana riƙe da wani to ka yafe, bai ce ka jira ya zo ba. EYN ta fi karkata nan, don tun kafuwarta a Garkida a 1923 ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami daga Church of the Brethren, ikilisiyar Amurka da ta kafa ta. Hujjarsu mai ƙarfi ce: in sai mai laifi ya tuba za ka yafe, to ka ba shi maɓallin zuciyarka kenan, yana daji yana ci gaba da mulkinka.

Na biyu suna kafa hujja da Luka 17:3, inda aka ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Suna ƙarawa da Matiyu 18:15-17, inda aka tsara matakai har zuwa raba mutum da jama'a in ya ƙi ji. Suka ce Allah kansa ba ya gafarta wa wanda bai tuba ba, don me za a ɗora wa ɗan Adam abin da ya wuce haka? Kuma tuba a wurinsu tana da alama. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba cewa ya yi zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Wanda ya fito daga daji don yunwa ta kore shi, ko don ISWAP, ƙungiyar da ta ɓalle daga Boko Haram, ta fi ƙarfin ɓangarensu, ya miƙa wuya ne, ba lallai ya tuba ba.

Akwai kuma muryar da aka fi ji a Filato da Kudancin Kaduna, musamman wajen matasa, masu cewa an mari kunci na dama an juya na hagu, babu na uku. Su damuwarsu ita ce wa'azin yafiya ya sa maharan suna ganin ba abin da zai biyo baya. Ba a kyauta musu ba in aka ce duk ramuwa suke nema, da yawansu tsaro suke nema da hukunci, amma dai gaskiya ne daga wannan magana zuwa tare hanya a kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, tazarar ba ta da yawa, kuma an sha ganin haka.

In aka duba da kyau, na farko da na biyu ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Ayoyin na farko suna magana ne a kan zuciyar mutum a gaban Allah, na biyu kuma a kan dawo da zumunci. A ganina karatun da ya fi ɗaukar ayoyin duka shi ne a ce ajiye ramuwa wajibi ne ba sharaɗi, sulhu kuwa da sharaɗinsa. Ikilisiyar Katolika ma haka tsarinta yake a furta zunubi, fada ya sanar da gafara amma wanda ya saci kaya dole ya mayar, wanda ya ɓata suna ya gyara.

Wannan ba yau ikilisiya ta fara fuskantarsa ba. Shawulu da ya tuba ya zo Urushalima, Ayyukan Manzanni 9:26 ta ce almajirai duka tsoronsa suka ji, ba su gaskata ba, sai da Barnaba ya tsaya masa ya ba da shaida. Littafin bai zarge su da rashin bangaskiya ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ai sai ya gudu. Yusufu ma, bayan fiye da shekara 20, ya ga 'yan'uwansa ya koma gefe ya yi kuka amma bai bayyana kansa ba sai da ya gwada su da ƙoƙon da aka sa a buhun Biliyaminu, ya ga Yahuza ya yarda a riƙe shi a madadin ƙaninsa. Haka kuma bayan tsanantawar sarki Decius na Roma a shekara ta 250, ikilisiya ta rabu a kan waɗanda suka yi musun bangaskiya don tsoro, wani malamin ikilisiya a Roma mai suna Novatian ya ce kada a sake karɓarsu, wasu suna karɓa ba tambaya, sai taron Carthage na 251 a ƙarƙashin Bishop Cyprian ya tsai da cewa a karɓe su bayan lokacin tuba, kowa gwargwadon abin da ya yi.

Baki ya yafe, zuciya tana baya

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Everett Worthington, wanda shi Kirista ne kuma an kashe mahaifiyarsa a gidanta a tsakiyar shekarun 1990, ya raba yafewa gida biyu: shawarar da mutum ya yanke cewa ba zai rama ba, da kuma sanyin zuciya da yake zuwa daga baya. Ta farko a rana ɗaya ana iya yinta. Ta biyu tana iya ɗaukar shekaru, tana zuwa tana komawa.

Ba sai an je Amurka ba ma. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 da ya faro daga Zangon Kataf, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995 suka fara aikin sasanci tare, amma Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa shekaru bayan nan, suna tafiya tare suna kwana ɗaki ɗaya, tunanin kashe Ashafa bai bar shi ba, har sai da wani fasto ya gaya masa ba zai iya wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuciya ba. Mutumin da duniya take kafa misali da shi kenan.

Saboda haka matar da take ganin tiren jibin Ubangiji yana zuwa layinsu ta sunkuyar da kai ta bar shi ya wuce, don daren jiya ta sake mafarkin ranar da aka shigo garinsu kuma tana ganin ba ta cancanta ba, tana buƙatar a gaya mata cewa firgita da mafarki da bugun zuciya rauni ne, ba zunubi ba. Zabura cike take da kukan mutanen da suke tambayar Allah har yaushe, kuma a Wahayin Yahaya 6:10 waɗanda aka kashe saboda shaida ma tambayar da suke yi kenan. Tarurrukan warkar da raunin zuciya da EYN da wasu ikilisiyoyi suka riƙa yi wa 'yan gudun hijira a kan wannan fahimta aka gina su, a bar mutum ya faɗi abin da ya same shi tukuna, ya yi makoki, maganar yafewa ta zo daga baya.

Wanda ya yafe zai iya kai ƙara?

Zai iya. Romawa 12:19 ta hana mai bi ramawa da hannunsa, 'yan ayoyi kaɗan a gaba kuma Romawa 13:4 ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, aikinsa ne hukunta mai mugunta. Bulus da kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Fafaroma John Paul na biyu ya yafe wa Mehmet Ali Agca da ya harbe shi ranar 13 ga Mayun 1981, har ya ziyarce shi a kurkuku a Disambar 1983, amma Agca ya ci gaba da zama a kurkukun Italiya har shekarar 2000. Ba da shaida a kotu, neman diyya, ko cewa kada a dawo da wane unguwarmu tukuna, ba ɗayansu da ya rushe yafewar mutum.

Abin da wannan yake jawowa a ƙasa

In aka ci gaba da cakuɗa abubuwan, wanda zai fi shan wahala shi ne mara murya. Ɗauki gwauruwar da take tallan ƙosai a bakin kasuwa, ga wanda ta sani sarai yana cikin waɗanda suka shigo garinsu ya buɗe shago da sabon keken ɗinki da aka ba shi, ita kuwa ko kwanon rufi ba a ba ta ba. In abin da za ta ji daga fasto kawai shi ne ki yi haƙuri ki yafe, to abu biyu ne, ko ta ce na yafe a baki don kada a ce ba ta da ruhaniya ta ci gaba da ƙuna a ciki, ko ta daina zuwa coci. 'Ya'yanta maza kuma suna kallo, kuma su ne za su girma da abin.

Tubabben na gaske shi ma yana cutuwa, don in ba a ba shi wurin da zai tsaya gaban jama'a ya amsa laifi ba, zargi ba zai bar shi ba har abada, kuma yaron da aka sace yana ɗan shekara 12 aka ɗora masa bindiga za a sa shi layi ɗaya da kwamandan da ya sace shi. Matan da suka dawo da 'ya'yan da suka haifa a daji nasu ya fi tsanani, su aka zalunta amma su ake gudu, wasu ma a cikin danginsu da cocinsu.

Wannan cakuɗawa ba a batun Boko Haram kaɗai take ɓarna ba. Ita ce take sa dattawa su mai da matar da miji yake duka ɗakinta da sunan yafiya ba tare da mijin ya shiga horo ba, ita ce take sa a sake ba wanda ya ci kuɗin ginin coci muƙamin ma'aji wata uku bayan ya yi kuka a gaban majalisa, ita ce kuma take sa a rufe maganar yarinyar da aka lalata wai kada sunan ikilisiya ya ɓaci. A duka ukun ana iya yafe wa mutum a kuma hana shi damar maimaitawa.

Inda ikilisiyoyi suke da abin yi a batun tubabbu shi ne matsayin Barnaba, wato wani da jama'a suka yarda da shi ya san mutumin, ya bi halinsa, ya iya tsaya masa ko ya ƙi. Wannan yana buƙatar hukuma ta sanar da fastoci da limamai da masu unguwa kafin a kawo mutum, ba a wayi gari a gan shi a layin rijiyar burtsatse ba, a kuma bambanta wa jama'a wanda aka tilasta da wanda ya jagoranta. Sauran tambayoyin da mutanen Gwoza da Madagali da Chibok suke yi na hukuma ne ba na bagade ba: wa zai biya diyyar gidaje da gonaki, wa yake zaune a filayen waɗanda har yanzu suke Minawao, kuma ina mutum zai kai ƙara in ya gane fuskar wanda ya kashe masa ɗa a cikin waɗanda aka yaye.